Yadda Ake Raba Bayanai Tsakanin Buƙata da Zama a Manhajar Yanar Gizo

Ka'idar HTTP ba ta riƙe komai a ka. Burauza ta aiko da buƙata, saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta mayar da amsa, shi ke nan an rabu. Idan wata buƙatar ta iso bayan daƙiƙa ɗaya, saba ba ta da masaniyar cewa daga mutumin ɗazu ta fito, sai in an haɗo ta da wata shaida. Wannan giɓin ne Lou Montulli ya cike lokacin da ya ƙirƙiro kuki, wato ɗan bayanin da saba ke ba burauza ta riƙa dawowa da shi a kowace buƙata, a kamfanin Netscape a 1994, kuma a kan kukin aka gina abin da ake kira zama: ajiyar da ke bin mutum ɗaya daga shafi zuwa shafi har ya fita ko wa'adinsa ya cika.

Da aka samu wurin ajiya sai matsalar ta sauya salo. Wane bayani zai zauna a ina, kuma har yaushe? Da yawa daga cikin kurakuran da suka fi wahalar kamawa, irin su mutum ya ga sunan wani a shafinsa, ko fom ya aika bayanan da ba su aka cike ba, ko saba ta riƙa cinye memori har ta faɗi, asalinsu ɗaya ne: an ajiye abu a wurin da ya fi ƙarfinsa faɗi, ko an bar shi ya daɗe fiye da amfaninsa. Don haka ka'idar da wannan jagora ke tsaye a kanta ita ce a ba kowane bayani mafi ƙanƙantar hurumin da zai ishe shi, wato iyakar inda ake ganinsa da tsawon rayuwarsa, kuma kada a ɗaga shi zuwa na gaba sai da hujja.

Mataki na 1: San huruman da kake da su

Hurumin buƙata shi ne mafi gajarta. Yana farawa lokacin da buƙata ta shigo, yana mutuwa da zarar amsa ta fita. A Java ana amfani da `request.setAttribute()`, a Flask akwai `g`, a Express akwai `res.locals`, a ASP.NET Core akwai `HttpContext.Items`. A PHP na gargajiya kuwa duk bariyabul ɗin da ka rubuta na buƙata ne, domin ana share komai idan sikirif ya gama aiki.

Sama da shi akwai saƙon wucin gadi, wanda ke tsallake turawa guda ɗaya kacal, wato aika burauza zuwa wani adireshi, sannan a goge shi. Sai hurumin zama, na mutum ɗaya a burauza ɗaya. Sai hurumin manhaja, wanda kowa da kowa ke tarayya a cikinsa tun daga tashin saba har a kashe ta. A ƙarshe akwai rumbun bayanai, inda abu ke zama ko da an kashe komai an kunna.

A lura da abu ɗaya game da hurumin manhaja: na firoses ɗaya ne, ba na duk manhajar ba. Idan ka tayar da Gunicorn, sabar manhajojin Python, da ma'aikata 4, wato firoses 4, bariyabul na gama-gari a Python ya zama kwafi 4, kowanne da ƙimarsa. Ƙirgen da ka ajiye a ciki zai riƙa nuna lambobi mabambanta gwargwadon ma'aikacin da ya karɓi buƙata.

Mataki na 2: Yi wa kowane bayani tambayoyi uku

Kafin ka rubuta layi ɗaya, jera bayanan da shafin ke taɓawa, ka tambayi kowanne:

Na wane ne? Na wannan buƙatar, na wannan mutumin, ko na kowa?

Wa zai sake nemansa bayan amsa ta fita? Idan babu, hurumin buƙata ya ishe shi.

Idan ya ɓace yanzu, me za a yi asara? Idan amsar ita ce aikin da mutum ya ɓata lokaci a kai, ko wani abu da ya shafi kuɗi, to wurinsa rumbun bayanai, ba zama ba. Zama abu ne da zai iya ɓacewa a kowane lokaci, kuma dole a gina manhaja da wannan tunanin.

Ga yadda rabon ke fitowa a aikace. Sakamakon bincike da jerin kayan da za a nuna a shafi: buƙata. Kalmar da aka nema, lambar shafi da tsarin jerawa: adireshin shafi, domin mutum ya iya kwafa ya aika wa wani ko ya danna maɓallin komawa baya. "An adana bayananka": saƙon wucin gadi. Lambar shaidar mai amfani, tokin kariya daga CSRF (harin da wani shafi ke sa burauzar mutum ta aika buƙata ba da saninsa ba) da lokacin da ya shiga: zama. Jerin ƙasashe ko saitin manhaja da ba ya canzawa: hurumin manhaja, a karanta kawai. Oda, biyan kuɗi da daftarin dogon fom: rumbun bayanai.

Mataki na 3: Riƙe bayanan buƙata a cikin buƙata

A nan ne ɓarna mafi muni ke faruwa, domin idan bayanin buƙata ya zube, hannun wani mutum yake faɗawa.

Kuskure na farko shi ne ajiye shi a filin klas. Kwantenar Java tana ƙirƙirar kwafi ɗaya na kowane sablet, wato klas ɗin da ke amsa buƙata, sannan zaruruwan aiki da yawa, kowanne ɗauke da buƙatarsa, su riƙa shiga cikinsa lokaci guda. Tomcat, wata sabar Java, a saitinsa na asali, yana iya kai zare 200. Dubi wannan:

```
public class Bayanai extends HttpServlet {
    private MaiAmfani mai; // kuskure
    protected void doGet(...) {
        mai = nemo(request);
        nuna(mai);
    }
}
```

Buƙatar mutum na farko ta saka sunansa a `mai`. Kafin a kai layin `nuna`, buƙatar mutum na biyu ta shigo ta maye gurbinsa. Na farko sai ya ga bayanan na biyu. A kwamfutarka ba za ka taɓa ganin haka ba, tunda kai kaɗai kake gwadawa; sai jama'a sun taru a kan manhajar yake bayyana, shi ma jefi-jefi. Maganin ba shi da wuya: a mayar da `mai` bariyabul na cikin aikin `doGet`, a riƙa miƙa shi hannu da hannu. Haka abin yake a kontirolar Spring, domin kowane bin, wato abun da Spring ke ƙirƙira ya kula da shi, kwafi ɗaya ne sai in ka ce ba haka ba. Haka kuma a Node.js idan ka rubuta `let mai` a saman fayil: ko da yake zare ɗaya ne, a duk inda aka yi `await` wata buƙatar na iya kutsowa ta sauya ƙimar.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ka ƙirƙiri abu mai hurumin buƙata daidai, amma ka cusa shi cikin abu mai hurumin manhaja. Babban ya kama ƙaramin tun ranar farko ya riƙe, kuma duk wanda ya zo daga baya zai ci gaba da amfani da kwafin mutum na farko. A ASP.NET Core wannan na faruwa idan sabis ɗin `AddSingleton` ya karɓi na `AddScoped`, misali `DbContext`. Firemwok ɗin yana kama wannan a yanayin gwaji, amma a saitin asali ba ya bincikawa a yanayin aiki na gaske, don haka kar ka kashe binciken don kawai ya dame ka. A Spring, `@RequestScope` da `@SessionScope` suna saka wakili a tsakani wanda ke nemo kwafin da ya dace a kowane kira. Idan da hannu ka rubuta `@Scope("request")`, sai ka ƙara `proxyMode` da kanka.

Na uku shi ne `ThreadLocal` na Java, wato ajiyar da ke manne da zare ɗaya. Ana son sa domin yana ba ka damar ɗauko mai amfani na yanzu daga ko'ina ba tare da ka yi ta miƙa shi ba. Matsalar ita ce saba ba ta kashe zare bayan buƙata, mayar da shi take yi cikin tarin zaruruwa ta sake ba wani. Duk abin da ka bari a kansa, mai zuwa zai gada. Dole a share shi a cikin `finally`, a cikin tacewar da ke kewaye kowace buƙata:

```
try {
    MAI.set(nemo(request));
    chain.doFilter(request, response);
} finally {
    MAI.remove();
}
```

Idan ba a cikin `finally` ka saka shi ba, ranar da kuskure ya katse aikin a tsakiya, ba za a yi sharar ba. A Python `contextvars` ya fi dacewa da aikin `async`, a Node.js kuma `AsyncLocalStorage`. Masu PHP da suka koma Laravel Octane ko Swoole su ma wannan ya shafe su, domin a can firoses ba ya mutuwa bayan buƙata, kuma duk wani `static` yana ɗaukar ƙimarsa zuwa buƙata ta gaba.

Na huɗu: kada ka miƙa abun buƙata kansa ga aikin bayan fage. Idan za ka aika imel a wani zare, ciro abin da kake so, wato lambar mai amfani da adireshin imel, ka miƙa su kaɗai. Tomcat yana sake amfani da abun `request` bayan amsa ta fita, kuma `HttpContext` na ASP.NET Core ba a gina shi don a taɓa shi bayan buƙata ta ƙare ba.

Mataki na 4: Bambance miƙawa da turawa

Miƙawa, wato `forward`, a cikin saba take faruwa. Buƙata ɗaya ce, bayananta na nan, adireshin burauza bai canza ba. Turawa kuwa, `sendRedirect` da makamantansa, amsa ce da ke ce wa burauza ta je wani adireshi, sai ta aiko da sabuwar buƙata fil. Duk abin da ka saka a tsohuwar ya tafi. Mai koyo yakan ga `null` bayan turawa, sai ya kwashe komai ya zuba a zama don a wuce wurin. Daga nan ne zama ke fara kumbura.

Tsarin da ya dace bayan an aiko da fom shi ne: karɓi POST, wato buƙatar aiko da bayani, adana a rumbun bayanai, tura da lamba 303 zuwa shafin GET, wato na karatu kawai, mai ɗauke da lambar abin a adireshinsa, kamar `/oda/5821`. Shafin ya ɗauko bayanin daga rumbu bayan ya tabbatar na mai neman ne. Ta haka ko an sabunta shafin ba za a sake aika fom ɗin ba. Saƙon "an karɓa" kuma ya bi ta hanyar wucin gadi: `addFlashAttribute` a Spring, `flash` a Rails da Flask, `messages` a Django, `TempData` a ASP.NET Core.

Idan fom ɗin na da kuskure, ba sai an tura ba. Nuna shi kai tsaye a cikin wannan buƙatar tare da abin da mutum ya rubuta da bayanin kuskuren. A Rails a nan `flash.now` ake amfani da shi; idan ka yi amfani da `flash` zalla, saƙon zai sake fitowa a shafi na gaba inda ba shi da ma'ana.

Mataki na 5: Rage wa zama kaya

Zama kamar lambar da ake ba mutum a wurin ajiyar kaya ne: lambar ce a hannunsa, kayan suna ciki. Haka ya kamata abin da ke cikin zaman kansa ya kasance, lambobi masu nuni zuwa ga bayani, ba bayanin gaba ɗaya ba.

Ajiye lambar mai amfani, ka riƙa ɗauko sauran daga rumbu a farkon kowace buƙata. Dalili biyu ne. Na farko tsufa: idan ka kwafe matsayin mutum da izininsa cikin zama, sannan shugaban manhaja ya cire masa izini ko ya dakatar da asusunsa, zai ci gaba da aiki da tsohon izinin har zaman ya ƙare. Na biyu nauyi. Lissafin a fili yake: zama 10,000 masu rai, kowanne kilobayit 200, ya kai kusan gigabayit 2 na memori. Idan kowanne kilobayit 2 ne, megabayit 20 ke nan. Kuma a tuna zama ba ya mutuwa don mutum ya rufe burauza. Saba ba ta san ya tafi ba, tana riƙe da shi har wa'adi ya cika.

Kada kuma a buɗe zama ga wanda bai buƙace shi ba. `request.getSession()` yana ƙirƙirar sabo idan babu, `getSession(false)` kuma yana mayar da `null`. Shafin JSP yana buɗe zama da kansa sai ka rubuta `<%@ page session="false" %>`. A `express-session` saka `saveUninitialized: false`. In ba haka ba, kowane mutum-mutumin injin bincike da ya ziyarci shafinka, tunda yawanci ba ya riƙe kuki, zai bar maka sabon zama a kowace buƙata.

Wasu firemwok a cikin kuki suke ajiye zaman dungurungum. Flask haka yake yi, kuma sa hannu kawai yake yi a kai, ba ya ɓoye abin da ke ciki. Duk mai burauzar zai iya karantawa, canzawa ce ba zai iya ba. Kada sirri ya shiga wurin. Ga kuma iyaka: RFC 6265 ta 2011 ta nemi burauza ta ɗauki aƙalla bayit 4096 a kuki ɗaya, kuma a aikace nan ne iyakar. Rails yana jefa kuskuren `CookieOverflow` idan an wuce, amma a wasu wuraren burauza kawai za ta yi watsi da kukin shiru, mutum ya ga kamar bai shiga ba.

Akwai wani tarko da ke cin lokacin mutane sosai. A Django, wannan layin ba ya adanuwa:

```
request.session["kwando"]["adadi"] = 3
```

Django yana lura ne idan an sauya maɓallin sama, ba abin da ke can ciki ba. Sai ka ƙara `request.session.modified = True`. Flask ma haka. A Java, idan zaman yana Redis, wata ma'ajiya ta waje, ta hanyar Spring Session ko ana kwafa shi tsakanin sabobi, bayan ka gyara abun dole ka sake kiran `setAttribute`. Abin da ke ruɗarwa shi ne a saba ɗaya mai ajiya a memori yana aiki ko ba ka kira ba, sai ranar da aka ƙara saba ta biyu ya daina.

Mataki na 6: Ka ɗauka mutum ya buɗe tab biyu

Duk tab ɗin da ke burauza ɗaya kuki ɗaya suke aikawa, don haka zama ɗaya suke rabawa. Ɗauki manhajar da ma'aikaci ke gyara bayanan ɗalibai. Ya buɗe ɗalibi na farko, manhaja ta rubuta `dalibin_yanzu = 41` a zama. Ya buɗe na biyu a wani tab don ya duba wani abu, ƙimar ta koma 77. Ya dawo tab na farko ya danna "adana". Bayanan 41 sun hau kan 77, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Duk abin da sunansa ya ƙare da "na yanzu" kuma ya shafi abin da ke kan allo, ba na zama ba ne. Lambar abin da ake gyarawa ta zauna a adireshi ko a ɓoyayyen filin fom, sannan saba ta binciki izini a kanta kowane lokaci, domin duk abin da ya fito daga burauza ana iya sauya shi.

Ga fom mai matakai da yawa, yi haka. Da an fara, ƙirƙiri lambar tafiya ta musamman. Ajiye daftarin a ƙarƙashin wannan lambar, a rumbun bayanai idan dogo ne, tare da lambar mai shi. Saka lambar a adireshin kowane mataki. Da an kammala, goge daftarin. Waɗanda aka fara aka watsar kuma a tsara aikin da zai riƙa share su bayan wani wa'adi. Idan a zama ka ajiye su, ƙayyade adadinsu, misali 5, sabo ya kori mafi tsufa. Wannan shi ne abin da `@ConversationScoped` na CDI da `@ViewScoped` na JSF suke yi, kuma ana iya gina shi da hannu a kowane harshe.

Buƙatu masu zuwa lokaci guda su ma suna da nasu. Shafi ɗaya na iya harba buƙatun AJAX 5 a tare, wato waɗanda JavaScript ke aikawa ba tare da an sabunta shafin ba. PHP, idan a fayil yake ajiye zama, yana kulle fayil ɗin daga `session_start()` har sikirif ya ƙare, don haka buƙatun za su yi layi ɗaya bayan ɗaya. Rahoton da ke ɗaukar daƙiƙa 20 zai tsayar da duk sauran shafukan mutumin. Kira `session_write_close()` da zarar ka gama da zaman, ko ka buɗe shi da `read_and_close` idan karatu kawai za ka yi. ASP.NET Core da `express-session` kuwa ba sa kullewa, wanda ya rubuta a ƙarshe shi ke da nasara, gyaran ɗayan ya ɓace. Saboda haka ƙirge da duk abin da ake ƙarawa a kai su tafi rumbun bayanai, inda za a iya yin gyaran a dunƙule.

Mataki na 7: Tsare lambar zama

Wanda ya mallaki lambar zama ya zama mai asusun, ba ya buƙatar kalmar sirri. A watan Oktoba na 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, ƙarin Firefox da ke tsintar kukis a buɗaɗɗen Wi-Fi, ya nuna wa duniya sauƙin abin a lokacin da manyan shafuka ke kare shafin shiga kaɗai da HTTPS su bar sauran a fili.

Kar ka ƙirƙiri lambar da kanka. Ta firemwok ta isa. OWASP, ƙungiyar tsaron manhajojin yanar gizo, ta ba da shawarar aƙalla bit 64 na bazuwa ta gaske. A kan kukin saka `Secure` don kada ya bi ta hanyar da ba HTTPS ba, `HttpOnly` don JavaScript ya kasa karanta shi, da `SameSite=Lax`. Idan ka fara sunansa da `__Host-`, burauza ba za ta karɓe shi ba sai yana da `Secure`, da `Path=/`, kuma babu `Domain`, wanda hakan ke hana ƙananan yankunan adireshinka dasa maka kuki. Lambar kada ta shiga adireshi, inda za ta faɗa tarihin burauza da rajistar saba. A Java saka `<tracking-mode>COOKIE</tracking-mode>`.

`SameSite`, mai ƙayyade ko kuki zai bi buƙatar da ta fito daga wani shafi, yana da wata illa da ya kamata a sani tun wuri. Tun daga Chrome 80 a 2020, kukin da ba a faɗi matsayinsa ba Chrome na ɗaukarsa `Lax`, kuma `Lax` ba ya bin POST da ya fito daga wani shafi. Idan kamfanin karɓar kuɗi ya dawo da mutum shafinka ta POST, buƙatar za ta iso babu kuki, manhaja ta ga baƙo. Kar ka sassauta kukin gaba ɗaya saboda wannan. Adireshin dawowar ya gane cinikin ta lambar oda da sa hannun kamfanin, sannan ya tura mutum zuwa shafin GET, inda kukin zai dawo.

Da zarar mutum ya shiga, ko matsayinsa ya ƙaru, sauya lambar: `session_regenerate_id(true)` a PHP, `changeSessionId()` daga Servlet 3.1, `req.session.regenerate()` a Express, `reset_session` a Rails. Aikin `login()` na Django yana yi da kansa. Idan ba a sauya ba, maharin da ya riga ya dasa wa mutum lambar da ya sani zai tsinci kansa a ciki da zarar mutumin ya shiga. A PHP ƙara `session.use_strict_mode=1`, domin a kashe yake a saitin asali, kuma in ba shi PHP na karɓar lambar da ba shi ya bayar ba.

Wa'adi iri biyu ake so: na rashin motsi da na ƙarshe wanda ba ya sabuntuwa. Saitin asali ya bambanta ƙwarai: Tomcat minti 30, ASP.NET Core minti 20, Laravel minti 120, PHP daƙiƙa 1440, Django mako 2. OWASP ta ambaci minti 2 zuwa 5 na rashin motsi ga manhajoji masu haɗari sosai, minti 15 zuwa 30 ga masu sauƙi, da awa 4 zuwa 8 a matsayin iyaka ta ƙarshe ga manhajar da ake yini ana aiki da ita. A kula da ma'auni: `session-timeout` a `web.xml` da minti yake, `setMaxInactiveInterval()` kuma da daƙiƙa, don haka wanda ya rubuta 30 a na biyun ya ba mutane rabin minti. Shi kuma `gc_maxlifetime` na PHP, wato daƙiƙa 1440 ɗin nan, ba wa'adin tsaro ba ne, lokacin da zama ya cancanci shara ne kawai, sharar kuma ba kowace buƙata take zuwa ba. Ajiye lokacin motsi na ƙarshe a cikin zaman ka riƙa dubawa da kanka. Django ma ba ya share tsofaffin zama daga rumbu sai ka tsara `clearsessions` ya riƙa gudana.

Fita kuma a saba ake yin ta: `invalidate()`, `session_destroy()`, `flush()`. Goge kuki a burauza kaɗai bai kashe lambar ba. Wannan ne raunin zaman da ke cikin kuki da kuma tokin JWT, domin kwafin da aka sace yana aiki har wa'adinsa ya cika. Idan kana son iya korar mutum nan take, ko kashe duk zamansa bayan ya canza kalmar sirri, sai ka riƙe wani abu a saba, ko da lambar sigar asusu ce da ake dubawa a kowace buƙata.

Mataki na 8: Shirya wa saba ta biyu

Zaman da ke memori yana mutuwa duk lokacin da aka sake tayar da manhaja, kuma saba ta biyu ba ta ganinsa. Alamar ita ce mutane su riƙa fita ba dalili bayan an saka mai raba lodi, wato abin da ke rarraba buƙatu tsakanin sabobi. Manne mutum ga saba ɗaya yana rufe matsalar, amma ranar da wannan sabar ta faɗi duk mutanenta sun fita. Abin da ya fi shi ne ajiya ta waje, Redis ko rumbun bayanai, da wa'adin gogewa daidai da na zaman. `MemoryStore` na `express-session` masu shi da kansu sun ce ba don aikin gaske aka yi shi ba.

Da zama ya koma waje, duk abin da ke ciki sai an iya mayar da shi bayit a dawo da shi. A Java sai ya zama `Serializable`, kuma idan ka sauya fasalin klas a sabon siga, tsofaffin zama na iya ƙin buɗuwa. Haɗin rumbun bayanai ko buɗaɗɗen fayil ba sa shiga ko kaɗan. Lambobi da gajerun rubutu ba su da wannan matsalar. Duk sabobin su yi amfani da maɓallin sirri ɗaya. Idan Express na bayan Nginx, saka `app.set('trust proxy', 1)`, in ba haka ba zai ɗauka haɗin ba HTTPS ba ne ya ƙi aika kuki mai `Secure`. Kafin turawa bayan shiga, kira `req.session.save()` ka jira ya gama, don kada sabuwar buƙata ta riga rubutun isa.

Ma'ajiyar wucin gadi da ke gaban saba, CDN ko Varnish, ita ma hurumi ce ta kowa da kowa. A ranar 25 ga Disamba 2015, wani saitin irin wannan ma'ajiya da aka saka don tare hari ya sa Steam ya riƙa nuna wa mutane shafukan asusun wasu. Kamfanin Valve ya ce abin ya shafi masu amfani kusan 34,000. Duk amsar da ta dogara da zama ta fita da `Cache-Control: private, no-store`, kuma a tabbatar ba a adana amsar da ke ɗauke da `Set-Cookie`.

Mataki na 9: Gwada abin da gwajin mutum ɗaya ba ya nunawa

Buɗe abu biyu a tab biyu, ka adana na farko, ka duba rumbu. Shiga da asusu biyu a burauza biyu, sannan da JMeter ko k6 ka harba ɗaruruwan buƙatu a tare da asusu mabambanta, kowace amsa a duba ko sunan da ke ciki na mai buƙatar ne. Rage zaruruwan saba zuwa 1 ko 2 a wurin gwaji. Duk abin da aka manta a `ThreadLocal` zai fito nan da nan. Rage wa'adin zama zuwa minti 1, ka cike rabin fom, ka jira, ka aika: ya kamata a kai ka shafin shiga a dawo da kai ba tare da aikinka ya ɓace ba, buƙatar AJAX kuma ta samu 401 maimakon shafin shiga a matsayin amsa. Kwafi ƙimar kuki kafin shiga da bayan shiga ka ga ta canza. Bayan ka fita, sake aika tsohuwar da `curl` ka tabbatar an ƙi ta. Sake tayar da saba ɗaya ana tsakiyar aiki. Sannan a manhajar da ke aiki, riƙa auna adadin zama masu rai da matsakaicin girmansu, ka saka faɗakarwa idan girman ya wuce 'yan kilobayit, ka buɗe ɗaya ka ga wane maɓalli ne ya ƙaru da kuma layin da ya saka shi.